Tambaya da Amsa: Ina Kifin Kogin Isa Ya Shiga?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan kifin kogin Isa, wato kogin Neja, suka zo, tun bayan ɗan abin da na faɗa game da tsadarsa a kasuwannin Yamai. Na zaɓi huɗu. Wanda bai ga tasa ba ya yi mini haƙuri, ina fata zai tsinci amsarsa a cikin na ƴan'uwansa.

Tambaya ta farko, daga wani dattijo masunci a Gamkalle, jikansa ya rubuta masa:

"Malam, ni a cikin jirgi na tashi, ubana ma haka. A da idan ruwa ya fara janyewa, shemani da kawara sai mun gaji da kwasa, faliya kuwa har kyauta muke yi da ita. Yau sai in kwana bisa ruwa in fito da abin da bai cika tasa ba, shi ma ƙananan karfasa ne da tarwaɗa. Ma'aikata sun ce mu masunta muka cinye kifin. Wasu sun ce fushin Allah ne. Don Allah ina kifin ya shiga?"

Baba, Allah ya ja da kwana. Ka dubi kifayen da ka lissafa: shemani, kawara, faliya, in ƙara maka da cihaki da farin dumi. Dukansu matafiya ne. Waɗanda suka rage maka a cikin ragar kalli, karfasa da tarwaɗa, su ne masu haƙuri da duk ruwan da suka samu kansu a ciki, ko kududdufi ne za su hayayyafa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda ciwon yake. Hanya ce aka toshe.

Ka fi ni sanin yadda abin ke tafiya, amma bari in maimaita saboda jikanka da sauran masu karatu. Da damina ta kankama, wajen Yuli zuwa Agusta, jan ruwa ke shigowa kogi daga kogunan Goruwal da Dargol da Sirba. Da kifi mai ƙwai ya ji ruwa ya fara hawa, sai ya tashi, wani ya yi sama yana saɓa wa igiyar ruwa, wani ya ratse ta bakin ƙorama ya shiga fadama. A can cikin burgu da ciyawar da ruwa ya shanye ƴaƴan ke samun abinci, a can suke ɓuya wa giwan ruwa da zawai. Kafin jan ruwa ya gama sauka, ruwan Gine ya iso, wanda ke kaiwa ƙololuwa a Yamai wajen Disamba da Janairu, ya riƙe fadamar da ruwa har cikin sanyi. Sai ruwa ya ja baya kifin ke fitowa, ya yi ƙiba, ya dawo uwar kogi. Kifin da kake kamawa a tsakiyar kogi da rani, Baba, a fadama ya yi yarintarsa.

To me ya samu fadamar? Fari ya fara taɓa ta. Kai shaida ne a kan Yunin 1985, lokacin da kogi ya daina gudu a Yamai, mutane suka riƙa ƙetarewa zuwa Harobanda, a wancan gefen kogi, da ƙafa. A can Mali, a babbar fadamar Mopti inda masu bincike suka daɗe suna auna kamu, filin da ruwa ke shanyewa ya ragu daga murabba'in kilomita kusan 20,000 zuwa 5,000 a shekarun farin, kamun kifi kuma ya faɗo daga tan 87,000 a 1969 zuwa 1970 ya koma tan 37,000 a 1984 zuwa 1985. Gwargwadon faɗin ambaliya, gwargwadon kifin shekara.

Ruwa ya dawo daga baya, har ya yi mana yawa a 2012 da 2020. Amma da ya dawo ya tarar an gina masa bango. Fadamun Saga da Kirkisoye da Libore da sauransu an kewaye su da ganuwar ƙasa an mai da su gonakin shinkafa, waɗanda hukumar ONAHA ke kula da su tun kafa ta a 1978. Ba na zagin shinkafa, ita muke ci, ita ta rufa wa gidaje da yawa asiri a shekarun yunwa. Sai dai lokacin da ake zana waɗannan gonaki an yi lissafin ruwa da taki da iri, ba a sa kifi cikin lissafi ba. Lokacin da nake aikin gandun daji da ruwa, na sha tsayawa a gindin irin wannan ganuwa cikin Agusta, kusa da inda injin ke jan ruwa. Za ka ga ƴaƴan kifi baƙi ƙirin a bakin bango, ba su fi ɗan yatsa ba, suna kai da komo suna neman mashiga, yara kuma na tsaye da tsohon sange suna kwashe su. A bayan bangon nan, taku kaɗan, nan ne kakanninsu suka girma.

Ga kuma yashi. Tudun da aka sare wa itatuwa ba ya riƙe ƙasa, ƙoramu sai su kwaso ta su zube a kogi. Wanda ya ga bakin ƙoramar Kurtere ya ga yadda yashi ke cin kogi. Guraben nan masu zurfi da manyan kifi ke kwanciya a ciki da bazara, da yawansu sun cike. Sannan ga madatsun ruwa sama da ƙasa da mu: Markala a Mali tun 1947, Selenge bisa kogin Sankarani a 1982, Kainji a Najeriya a 1968. Akwai wani ɗan kifi dangin kawara da mutanen Mali ke kira tineni, wanda ke tafiya garke-garke idan farin wata ya fito, yana cin ɗaruruwan kilomita, har mai ake tatsa daga jikinsa. Masanin kifin nan na Faransa, Jacques Daget, tun shekarun 1950 ya rubuta yadda tafiyarsa ke ƙarewa a gindin Markala. An yi wa madatsar hanyar kifi, amma ba ta ɗauki yawansu ba.

Yanzu in zo kan naku kason, don ba zan ɓoye maka ba, akwai shi. A zamanin ubanka raga mai yatsa huɗu ko biyar ake sakawa. Aka dawo uku, aka dawo biyu, yau har sangen da aka raba don sauro ana jan shi a ruwa. Ana jera gura, wato tarkon kifi, a bakin ƙorama daga wannan gaɓa zuwa waccan, mai shiga da ƙwai a kama ta, ɗan da zai fito a kama shi. Akwai kuma marasa tsoron Allah masu zuba maganin ƙwarin gona a gurbi. Dokar kamun kifi ta 1998 ta hana raga mai ido ƙasa da yatsa uku, ta hana guba da nakiya. Amma ni da na yi aikin nan na san ba mugunta ce ta ƙanƙance idon raga ba. Fari ya koro manoma da makiyaya bakin ruwa, kowa ya sayi ragar birgi, waɗanda ba su san Sarkin Ruwa ba balle su ji maganarsa idan ya ce gurbi kaza a rufe yake. Kifi ya ragu, baki ya ƙaru, kowa ya rage ido don kada ya koma gida hannu rabbana.

Batun fushin Allah kuwa, komai da ikonsa yake, amma ya sanya wa kowane abu sababi, kuma sababan nan da hannunmu muka yi yawancinsu. Ma'aikacin da ya ɗora maka laifin duka bai yi maka adalci ba. Ka ce masa ya fara zuwa ya dubi bakin fadama.

Tambaya ta biyu, daga wani ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni:

"Malam, na karanta a intanet cewa a Amurka akwai wani kifi mai suna shad da ya kusa ƙarewa saboda madatsun ruwa, amma an yi masa matakala yana hawa. Idan an gama madatsar Kandaji da ke bisa kogin Isa sama da Yamai, ba sai a yi mana irin wannan matakalar ba, magana ta ƙare?"

Ɗana, ka yi karatu mai amfani, amma ka tsaya a tsakiyar labarin. Shad kifi ne dangin sardin, a teku yake girma, idan lokacin haihuwa ya yi sai ya shigo kogunan gabashin Amurka ya yi sama. A ƙarni na 19 yana cikin manyan kifayen kasuwa a can. Kogin Susquehanna na daga cikin gidajensa, har aka gina madatsar Conowingo a 1928 kusa da bakin kogin, aka rufe masa ƙofa. Kifin ya yi ta raguwa har jihar Maryland ta hana kama shi a 1980. An kashe kuɗi mai yawa: aka yi na'urar da ke ɗaga kifi cikin ƙaton akwatin ruwa ta tsallakar da shi, ɗaya a 1972, babbar a 1991, aka kuma riƙa ƙyanƙyasar miliyoyin ƴaƴa ana zubawa. A 2001 kusan 200,000 suka wuce Conowingo, aka yi murna. A 2015 ba su kai 10,000 ba. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan wannan kogi da na Connecticut da Merrimack ya nuna cewa cikin shad ɗin da suka wuce madatsar farko, waɗanda ke kaiwa bayan ta ƙarshe ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Kifi ne mai tsoro, ba ya tsalle, kuma garke yake tafiya. Ya ɓata kwanaki yana neman ƙofa, ruwa ya yi zafi, ƙwai ya lalace ko ya zubar inda ba zai yi rai ba.

Inda aka ga kifi ya dawo da gaske shi ne inda aka rushe madatsar ɗungurungum: Edwards bisa kogin Kennebec a 1999, sai biyu bisa Penobscot a 2012 da 2013. A Faransa ma ɗan'uwansa da suke kira alose ya faɗi a kogunan Garonne da Dordogne, har aka dakatar da kama shi a 2008. Kuma abin bai tsaya kan shad ba. Rahoton da ƙungiyoyin kare kifaye matafiya suka fitar a 2024 ya ce irin waɗannan kifaye na ruwan daɗi da aka bi diddiginsu sun ragu da kashi 81 cikin 100 tsakanin 1970 da 2020.

Ba ina cewa a fasa Kandaji ba ne. Wanda ya ga 1985 da idonsa ba zai raina aikin da aka tsara don kogi ya riƙa gudu da aƙalla mita kubik 120 a daƙiƙa a Yamai ko da bazara ba, ga wutar megawat 130 ga noman rani. Tun 2008 da Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashinta muke jira. Abin da nake tsoro ba bangon kaɗai ba ne, yadda za a riƙa sakin ruwan ne. Kifinmu ba daga teku yake zuwa ba, tsakanin kogi da fadama yake rayuwa, kuma hawan ruwa ne ke tayar da shi. Madatsar da ta daidaita kogi ya zama tsayi ɗaya rani da damina za ta ba Yamai ruwan sha, ta hana kifin Say da Gaya haihuwa. A yi hanyar kifi, a yi ta daidai da kifinmu, a kuma ajiye wanda zai ƙirga abin da ke wucewa kowace shekara. Amma gaba da wannan, a rubuta a cikin ƙa'idar tafiyar da madatsar cewa kowace shekara za a saki ruwan da zai shiga fadamu ya zauna makonni. Hedkwatar Hukumar Kogin Isa ta ƙasashe 9 a nan Yamai take tun 1980. Ku ɗalibai ku je ku nemi takardun, ku yi rubutun kammala karatunku a kan wannan, ku yi tambaya tun bango bai rufe ba.

Tambaya ta uku, daga wata mai suyar kifi da ke sarowa a Jamaje:

"Malam, ana ta cewa a hana kamun kifi da damina. Mijina masunci ne, ni kuma suya nake yi, ƴaƴanmu shida. Idan an hana, me za mu ci? Masu faɗin haka albashi suke ɗauka."

Hajiya, gaskiyarki, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a cikin wasiƙun. Watannin da kifi ke ɗauke da ƙwai, Yuli da Agusta zuwa Satumba, su ne watannin da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, tiya ta yi tsada. Wanda ya ce wa masunci ya rataye kalli a wannan lokaci bai ba shi komai ba, ya sani cewa da dare za a saka ragar, kuma ba za a ga laifin mai sakawa ba.

Akwai ƙasar da ta gane haka. A Bangaladash suna da kifi dangin shad mai suna hilsa, shi ne kifin da suka fi ji da shi. Ya ragu ƙwarai, har a 2003 kamunsa bai wuce tan 200,000 ba. Gwamnati ta hana kama ƙananansa daga Nuwamba zuwa Yuni, ta ware wuraren da ba a taɓawa, ta kuma rufe kamun gaba ɗaya na kwana 22 a cikin Oktoba lokacin da uwayen ke zubar da ƙwai. Amma ta haɗa hanin da shinkafa: kilo 40 a wata ga gidan masunci mai rajista, wata huɗu a shekara. Kafin 2019 kamun ya haura tan 500,000. Ba a rasa kuka ba, akwai waɗanda sunansu bai shiga takarda ba, akwai waɗanda bashin masu jirgi ya ci gaba da cinsu. Duk da haka kifin ya dawo.

Mu a nan ba ma buƙatar rufe kogi duka. Bakin ƙoramu da mashigar fadamun da suka rage, nan ne ya kamata a bari a buɗe, ba gura ba ragar taru, daga shigowar jan ruwa har kifi ya gama shiga. Tsakiyar kogi a bar mutane su yi mamari, wato igiya mai ƙugiyoyi, da kalli mai babban ido. Gwamnati ta saba sayar da hatsi da rahusa a wannan lokaci na shekara. Me zai hana garuruwan masuntan da suka yarda suka tsare bakin fadamarsu su zama a sahun gaba, har a ba su wani kaso kyauta? Tsaron kuma a mayar wa Sarkin Ruwa da dattawan masunta, ma'aikaci ya tsaya a bayansu. Su suka san wane gurbi ne kifi ke kwana, su suka san jirgin wa ya fita da dare.

Ke ma kina da hannu a ciki, Hajiya, kuma hannu mai ƙarfi. Kin fi kowa sanin abin da nake nufi: ki fede faliya cikin Agusta, ƙwai ya zubo miki cike da tafin hannu, rawaya, ki wanke wuƙa ki ci gaba. Kin kuma san kwanon nan na ƙananan kifi da ake aunawa ba a ƙirgawa, wanda idan an soya ba a bambanta ɗan giwan ruwa da ɗan karfasa. Ɗan giwan ruwan da ke cikin kwanon nan, da an bar shi shekara uku ko huɗu, shi kaɗai zai fi kwanon duka kuɗi. Ke kaɗai ba za ki iya ƙin saye ba, ta kusa da ke za ta saya. Amma ku mata masu suya kuna da ƙungiyoyi da adashi. Ranar da kuka haɗa baki kuka ce ba ku karɓar kifin sange, mai jan sange zai daina, don ba shi da inda zai kai. A watannin hanin kuma, tarwaɗar kiwo da kifin firigo za su riƙe kaskonki, ko da ribar ba ta kai ba.

Tambaya ta huɗu, daga wani malamin makaranta a Tawa:

"Mu nan ba mu da kogi, amma muna cin kifin Tabalak da Dan Dutsi, wanda aka ce zubawa aka yi. Me zai hana a zuba irin kifi a kogin Isa kamar yadda aka yi mana?"

Malam, tabki daban, kogi daban. Tabalak rufaffen ruwa ne, abin da aka zuba yana nan, kuma karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa ba sa buƙatar doguwar tafiya kafin su hayayyafa. Shi ya sa zubin ya yi amfani, har kifin Tabalak ke tsayar da matafiya a hanyar Agadas. A kogi kuwa ba iri aka rasa ba, uwayen na nan ko da sun yi kaɗan, kuma mace ɗaya na zubar da dubban ƙwai. Wurin renon ne babu. Ka ga abin da na gaya wa ɗalibin nan game da Susquehanna: miliyoyin ƴaƴa aka zuba, ba su maye gurbin hanyar da aka toshe ba.

Ku kuma ku kula da naku. Tabalak da Dan Dutsi duka sun shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005, amma takarda ba ta hana yashi gangarowa. Abin da ke barazana ga tabkunanku shi ne cikewa da ƙasa, da yawan injinan ban ruwan albasa da rani, da maganin ƙwarin da ke komawa ruwa daga lambuna. Idan masuntan wurin sun rufe su na wasu watanni, ku masu saye ku goya musu baya, kada ku karɓi kifin da aka kawo muku ta bayan fage a lokacin. Kuma tun da kai malami ne, ka kai ɗalibanka bakin tabkin da rani su kafa alama inda ruwa ya tsaya, su dawo baɗi su sake aunawa, ku ajiye lissafin a makaranta don magajin gari da ma'aikatan gandun daji su samu abin dubawa.